Ɗaya Aka Ɗauka

Baban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda har yanzu waya ba ta shiga wurin aikin madatsar ruwan nan taku, na ba direbanku wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, a asibiti na yi shi ina bakin aiki, tsakanin allura da allura.

Labari gare ni, rabinsa daɗi. Makarantar su yara ta ƙulla wani shiri da kwalejin kimiyya. Duk Asabar za a riƙa kwasar wasu 'yan ajin ƙarshe a kai su can, su zauna a lacca, su shiga ɗakin gwaje-gwaje, su saba da karatun tun kafin su je. Malaman kwalejin sun ce sun gaji da ganin yara masu kyakkyawan sakamako suna zubewa a shekarar farko. Sai dai gurbin kaɗan ne, don haka aka yi jarrabawar tacewa. Cikin 'yan biyunmu, an ɗauki Aku. Ba a ɗauki Shiru ba.

Ka san halin 'ya'yanka. Aku tun daga bakin ƙofa ya fara shela, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko gobara ce. Shiru na bayansa, rataye da jakunkunansu biyu, yana murmushi. Ya ce mini ba komai, ai duk abin da ɗan'uwansa ya koyo a gidan nan zai sauke shi. Amma ni na haife shi. Shi ne fa tun yana ƙarami yake kwance mana rediyo yana cewa injiniya zai zama.

Na je wurin malaminsu na kimiyya. Mutumin kirki, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce maki kaɗan Shiru ya rasa, ya yi masa roƙo aka ce sai baɗi. Baɗi kuwa sun gama.

Jiya na tarar da Shiru yana goge wa Aku farar rigar da aka ba su ta ɗakin gwaji, wai idan aka bar masa zai ƙona ta. Na yi dariya, na shige kicin na daɗe ban fito ba.

Ka riƙa shan maganinka. Yara na gaishe ka.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

Baban 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ka isa lafiya, kuma hanya ba ta tayar maka da bayan ba. Ka bar hularka a kan firij, na adana.

Da kana nan ban so in ɓata maka murnar samun gurbin yaran a kwaleji ba, shi ya sa na yi shiru da wani abu. A watannin farko na shirin nan, kullum da yamma suna baje a tabarmar falo, Aku na maimaita wa ɗan'uwansa abin da aka koya musu. Daga baya aiki ya yi masa yawa, ya fara ƙosawa. Wata rana ina jera kwanuka na ji ya ce, "Kai ba za ka gane ba, sai ka gani da idonka." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma daga ranar Shiru bai ƙara tambayarsa komai ba.

Makon jiya na kai musu ziyara. Da yake sashensu daban, ɗakin kwanansu ma daban. Aku kamar a can aka yanke masa cibiya: ya san ofishin kowane malami, masu gadin ɗakin karatu ma da sunansa suke kiransa. Shiru kuwa na same shi zaune a bakin gado, littattafai jere tsaf kamar ba a taɓa buɗe su ba. Ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Na taɓa goshinsa, ba zazzaɓi. Ya ce karatu lafiya lau. Aikina ne gane mara lafiya tun daga tafiyarsa, amma wannan ciwon ban san sunansa ba.

Idan ka rubuto, ka sa masa 'yar takarda tasa daban.

Matarka,
Maman 'yan biyu

Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Kowa na da rai, ba rasuwa ba ce.

Kwaleji ta sallami Shiru. Ya faɗi darussan zangon farko, aka ba shi dama, ya sake faɗuwa a na biyu. Na dawo daga aiki na tarar da akwatinsa a tsakar falo, shi kuma yana gyara fankar ɗakinmu da ta daɗe da mutuwa. Yana kan kujera, bayansa gare ni, ya faɗa mini.

Aku ya sani tun zangon farko. Ɗan'uwansa ne ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba. Ka ji fa, yaron da ko kyautar da ya saya maka ba ya iya ɓoyewa, ya riƙe wannan a cikinsa shekara guda.

Na ce wa Shiru ya sake nema baɗi. Ya ce in bar maganar. Ƙanenka ya ce zai ɗauke shi aikin haɗa sola a garin da yake, kuma Shiru ya amsa tun kafin in buɗe baki. Ya tafi shekaranjiya. Don Allah kada ka yi masa faɗa, wanda ya yi wa kansa ya isa.

Taka,
Maman 'yan biyu

Baban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na gode da lallashin. Yaya jikin naka? Ni dai ga ni nan.

An yi taron iyaye a tsohuwar makarantarsu, malamin kimiyya ya aiko musamman in je. Shugabar makarantar ta sanar cewa daga bana duk 'yan ajin ƙarshe za su shiga shirin, babu tacewa, domin kwalejin ta duba ta ga yawancin masu faɗuwa waɗanda aka bari a baya ne. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, hannuna kamar ba nawa ba.

Bayan taro malamin ya roƙe ni ko Shiru zai zo ya yi wa yaran magana. Na isar da saƙon don sauke nauyi kawai. Sai ga shi ya zo, hannuwansa duk sun yi kanta.

Na tsaya ta taga. Baban 'yan biyu, ɗanka da ba ya haɗa jimla uku ya tsaya gaban aji ya yi magana. Ya ce ranar farko a kwaleji ya buɗe littafi yana jiran malami ya rubuta a allo ya kwafa, har aka tashi ba a rubuta komai ba. Ya ce bai san ana bin malami ofis a yi tambaya ba, ya ɗauka rashin kunya ne. A ɗakin gwaji kuma kowa ya san sunan kayan, shi kaɗai yake satar kallon hannun na kusa da shi. Ya ce yakan hango ɗan'uwansa cikin abokai ya canja hanya, don kada ya ba shi kunya. Duk wannan a bakin taga na fara jin sa, tare da 'ya'yan mutane.

Wata yarinya ta tambaye shi ko zai koma. Ya ce, "Ni tawa ta wuce. Ku dai ku yi tambaya, ko da za a yi muku dariya."

Ban san Aku na tsaye a bayana ba sai da na ji shesshekarsa.

Mun raka Shiru tasha. Aku ya ɗauki jakarsa, Shiru ya karɓe a hankali ya ce, "Koma, gobe kana da lacca." Ya shiga mota ya zauna ta ɓangaren da ba ma ganinsa.

Aku bai koma kwaleji ba. Yana kwance a ɗakinsu, fuskarsa na kallon bango, ya ce ba zai ƙara zama a kujerar da ta fi dacewa da ɗan'uwansa ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira malaminsu, duk a banza. Gidan nan tsit, har ƙarar firij nake ji.

Ka nemi hutu ka zo, ko ba za su biya ka ba. Ɗaya ya riga ya kuɓuce mini, ɗayan kuma ina riƙe da shi da hannu ɗaya, hannun ya fara gajiya.

Matarka mai jiranka,
Maman 'yan biyu