Rumbun Yaya Sada

Litinin, 28 ga Afrilu, 2025

Kwana arba'in da ɗaya da rasuwar Yaya Sada. An koma makaranta. An ce in riƙa zuwa Kusada Talata da Alhamis in riƙe ajinsa na lissafi, 'yan aji shida, har su yi jarrabawar fita. Saura wata guda. Na ce to.

Inna ta ce na rame. Ban lura ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Malam Zakiyyu, abokin aikinsa, ya kawo mini lambar sirrin "rumbu". Haka suke kiran shafin intanet ɗin da malaman lissafi na Kankia da Kusada ke ajiye adireshin duk darasin da suka tsinta, bidiyo ko tambayoyi. Kowa na ganin ajiyar kowa. In ka ajiye abu sai ka liƙa masa laƙabi don a same shi da sauƙi, ka rubuta ɗan bayani a ƙasa.

Ajiyar Yaya ɗari biyu da goma sha huɗu. Na buɗe, na duba, na rufe. Ban ji komai ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Laƙabansa shirme ne. "Bakin-taga". "Mai-sauri". "'Yar-Ƙofa". "Shiru". "Goge-goge". Guda talatin da takwas, babu ɗaya da ya shafi manhaja. Haka ɗakinsa yake tun muna yara.

Daga hantsi zuwa la'asar na goge su duka, na mayar da komai ƙarƙashin kanu tara: aljabra, kusurwoyi, ƙididdiga, da sauransu. Shafin ya tambaye ni ko na tabbata, don ba a dawo da abin da aka goge. Na tabbata. Bayanansa na ƙasa kawai na bari, saboda ranar ta ƙare.

Ya yi tsaf.

Lahadi, 4 ga Mayu

Zafi. Wanki.

Talata, 6 ga Mayu

Ranar farko a ajin. Da aka tashi hutun tara, wata doguwar yarinya, Murja, ta tsaya gaban teburina.

"Malama, Malam ya ce ya aje mani abu bakwai. Ukku muka kalla."

Na ce a ina. Ta ce a wayarsa, da sunanta. Na ce babu Murja a rumbun.

"A'a, ba Murja ba. Bakin-taga. Ni ce."

Wani daga baya ya ce shi ne Mai-sauri, aji ya yi dariya. Su talatin da takwas ne. Na ƙirga sau biyu.

Ashe kowane laƙabi ɗalibi ne. Yana lura da inda kowa ke tuntuɓe, ya nemo masa darasinsa, ya sauke a Kankia inda sabis ke da ƙarfi, ya nuna masa lokacin tara. Murja ta faɗi jarrabawar gwaji, maki huɗu suka rage ta ci. Tana son makarantar ungozoma, kuma ba a shiga sai da lissafi. Bakwai ɗinta na nan cikin ɗari biyu da goma sha huɗu. Ban san waɗanne ba.

Na ce mata zan duba. Muryata daidai take.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kira Malam Zakiyyu. Ya ce: "Haulatu, mi ya hana ki tambaya? Kowa ya san haukan Sada na da kai." Ya ce su ma sun so kwaikwayonsa, ƙiwa ta hana. Babu wanda ya kwafi jerin.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na gaya wa ajin abin da na yi, jimla biyu. Sai na fara karanto bayanansa ɗaya bayan ɗaya, ko wani zai gane nasa.

"Yana tsallake layi na biyu." Duk aka juya ga Mai-sauri. Ya ce ƙazafi ne, a bar mamaci ya huta. Aka yi masa ihu.

"Ta sani, sai ta goge." Kamila ta rufe fuska da hijabi.

"A kawo misali da buhun gero, ba da lemo ba." 'Yar-Ƙofa ta ɗaga hannu ba ta ɗago kai ba.

Sittin da ɗaya muka mayar. Na Murja uku kawai, waɗanda ta riga ta kalla. Sauran huɗun ba ta taɓa ganinsu ba, ba ta da yadda za ta gane su.

Na karɓo littattafan aikinta.

Asabar, 10 ga Mayu

Na bi aikinta tun daga zangon farko. Hanyarta daidai take kullum. Alamar ɗebewa ce ke ɓace mata duk lokacin da ta buɗe baka biyu a lissafi. Kuskure ɗaya, sau ashirin da shida. Jan bironsa na kewaye wurin, bai taɓa rubuta mata komai ba sai ɗan ɗigo.

Na koma rumbu da wannan. Na samu uku da suka dace, ɗaya ma ya rubuta a ƙasa: "Alamar nan dai." Na huɗun ban same shi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ta kalli ukun ranar Talata. Yau tambaya goma, ta ci takwas. Ta ce saura ɗaya, Malama, bakwai ya ce.

Na ce yana nan.

Ba ƙarya ba ce sosai. Jiya na nemo wani da kaina, na kalli goma sha ɗaya kafin in zaɓa. Da na zo ajiyewa shafin ya nemi laƙabi. Na rubuta "aljabra", na tsaya, na goge. Na rubuta "Bakin-taga".

Akwai wani yaro a layin tsakiya, Abdulrauf, da ya zo makon nan, ba shi da laƙabi. Yana cizon biro in ya rikice. Ban yanke wanda zan sa masa ba tukuna.

A motar dawowa na ji yunwa. Inna ta zuba mini abinci sau biyu.