Ƙarfen Ƙafar Tinni

Yamai, ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Baban Tinni, a Kumasi.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman baƙunta. Ka gaida Yaya Jibo da mutanen garinmu da ke wurinku. Ni ce Haisa nake magana, Madam Zalika ke rubutawa, tsohuwar malamar makaranta ce da ke jinyar jikarta kusa da gadonmu. Na kira lambarka har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa zan ba direban motar albasa takardar nan.

Kada hankalinka ya tashi, amma muna babban asibiti yau kwana tara. Tinni ne. Kansa ke girma, in ya ci sai ya amayar, idonsa kuma sai kallon ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. Daga Loga aka tura mu Doso, daga Doso aka ce Yamai.

Likita ta ce sai an ɗauki hoton cikin kansa kafin a taɓa shi. Injin hoton biyu ne. Ɗaya ya lalace, ana jiran kayansa daga waje. Ɗayan na aiki, amma ba ya shiri da ƙarfe ko kaɗan. Mai kula da shi, Malam Alfari, ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe almakashi ɗaure da igiya, na ga almakashin ya miƙe shi kaɗai yana son shiga ɗakin. Ya ce mini, "Ƙanwata, kin ga? Wannan ya fi ɗan sandan hanya son ƙarfe." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Hankalina na kan ƙafar Tinni.

Ka san ƙarfen da Inna, mahaifiyarka, ta sa Hima maƙeri ya ƙera masa a ƙafa bayan mun binne 'ya'yanmu, Biba da ƙaninta. Ka san ba shi da mabuɗi, kuma ta rantse ba za a cire ba sai ya shekara bakwai, don shi ke riƙe da yaron a duniya. Su kuma sun ce sai an yanke. Sun ba mu ranar Alhamis ta mako mai zuwa.

Baban Tinni, ba ni da ikon yankewa. Ka aiko da kalma ɗaya, e ko a'a.

Matarka, Haisa.

Yamai, ranar Juma'a

Zuwa ga Baban Tinni.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ban ji daga gare ka ba. Direban ya ce ya bar takardar a rumfar Yaya Jibo, wai kun tafi daji aikin gonar koko.

Na yi abin kunya, gara ka ji daga bakina.

Na sa an kira Inna a wayar mai shagon garinmu. Ba ta bar ni na gama ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, biyu kika binne, ba su ishe ki ba? Wanda ya zauna, da me ya zauna? In kika yanke, a wuyanki." Na ce Inna, likita ce ta ce. Ta ce likitar ta taɓa haƙa ramin jariri? Sai katin ya ƙare.

Na zauna na yi ta tunani. Na ce a raina, ai hoton kai za a ɗauka, ba na ƙafa ba. Kuma injin in bai ga ƙarfen ba, ina zai san yana nan? Na yagi bakin zanena na naɗe ƙarfen sosai, na ɗinke, na sa masa safa biyu. Da nas ta tambaye ni ko an cire, na ce an cire. Wallahi ban taɓa yi wa babba ƙarya ido da ido ba sai ranar.

Jiya tun safe ba a bar shi ya ci komai ba saboda maganin barcin da za su ba shi. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Da layi ya zo kanmu, Malam Alfari ya ɗauko wata 'yar sanda ya bi jikin Tinni da ita. Tana zuwa ƙafa ta fara tsuwa. Ya cire safar, ya ga ɗinkin, ya dube ni. Na so a ce zagina ya yi. A hankali ya ce, "Ƙanwata, da ya shiga da wannan, da ƙarfen ya yi zafi ya ƙone shi, ko ya fizge ƙafar. Injin ba da ido yake gani ba."

Na ce to a yanke yanzu, yanzun nan. Ya ce ba su da abin yanka a ɗakin, ga mutum goma sha ɗaya a bayana, wasu daga Agadas suka zo, mai ba da maganin barcin kuma azahar yake tashi. Aka kira na bayana. An sake ba mu rana, nan da kwana goma sha biyu.

Madam Zalika ta ce in ci wani abu, ta sayo mini dambu da zogale, yana nan a kwano. Tinni ya daina zama da kansa.

Don Allah ka yi magana.

Haisa.

Yamai, ranar Laraba

Zuwa ga Baban Tinni.

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya inda kake.

Na yanke.

Ranar Lahadi na miƙa masa cokali bai kama ba, na kaɗa hannu a fuskarsa bai ƙifta ba. Na goya shi na fita bakin asibiti wurin wani mai gyaran babur. Ya ce shi ba ya yanka irin wannan, yana da 'ya'ya. Na tsaya a gabansa ban tafi ba har ya gaji, ya miƙo mini abin yankan, ya ce, "To Hajiya, ke ki matsa, ni in riƙe ƙafar." Da hannuna na matsa. Sau uku kafin ya rabu.

Jiya aka sa shi a injin. Sun kwantar da shi yana barci, gadon ya ja shi cikin wani rami fari, ƙafafunsa kaɗai nake hangowa ta gilashi. Injin na ta bugawa kamar ana daka a gida goma. Malam Alfari bai yi wasa ba jiya.

Likita ta nuna mini hoton a jikin fitila. Ni dai baƙi da toka na gani. Ta sa yatsa a wani wuri mai faɗi ta ce ruwa ne ya taru yana danne masa ƙwaƙwalwa, za su sa siririn bututu ya riƙa zubar da shi. Na ce idon fa, zai dawo? Ta ce ba ta sani ba. Na ce da an ɗauki hoton waccan Alhamis ɗin fa? Ta ce, "Uwar Tinni, bar wannan tambayar." Ban san me hakan ke nufi ba, Madam Zalika ma ta ƙi gaya mini.

Yanzu in ya mutu, Inna za ta ce don na yanke ne. In ya makance, ni na san kwana goma sha biyun da na ci masa. Duk inda na juya ni ce.

Ban gaya wa Inna ba. Kai za ka gaya mata, ɗanta ne kai.

Inda ƙarfen ya zauna fatar ta yi fari, ta zagaye ƙafar. Tun Lahadi nake riƙe da wurin da yatsu biyu, ko salla zan yi sai Madam Zalika ta karɓe ni. Asabar za a yi aikin. Na roƙi nas ta bar ni in shiga in riƙe masa, ta ce ba a shiga. Na ce to ita ta riƙe, ta ce hannunta biyu duk da aiki.

In takardar nan ta same ka kafin Asabar, ka taho.

Ka gaida Yaya Jibo. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka, Haisa.