Harawar Hajiya Lami da Wutar da Kuka Harba Sama

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin wasan wuta da ya baƙunce mu a Azare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina sanar da kai, da jama'ar ƙasar Katagum baki ɗaya daga Gamawa har Disina, cewa an yi babban rashi: hulata ta zuwa Juma'a ta gama aiki. Garwashi ne ya sauko daga sama ya huda tsakiyarta ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan isha'i, lokacin da ma'aikatanka suke harba wuta a filin ƙwallon unguwarmu don bikin ɗan wani attajiri. Na yafe hular. Saura abin da ba ni da ikon yafewa.

Na ɗaya. Na ga shirinku da idona, kuma ban raina shi ba. An share fili, an kewaye shi da igiya, an kori awaki. Sai dai duk ƙwararrun nan ƙasa suke kallo, ba wanda ya ɗaga kai. Ranka ya daɗe, a nan idan an gama kaka, rumbun dabbobi a sama yake. Harawa da karan dawa a kan soro muke jibge su, ko a reshen bishiya, don kada dabba ta kai musu baki. Kun tsare ƙasar da awaki ke yawo, kun bar saman da kuka nufa da wutarku.

Na biyu. Maƙwabciyata Hajiya Lami, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, da kiwon raguna take riƙe gida, kuma abincin ragunan na rani duka yana kan soronta. Iska ta kwashi tartsatsinku ta ɗora a kai. Da harshen wuta ya miƙe, sai taro ya ɗauka cikin wasan ne, aka kaure da tafi da guɗa. Ita kaɗai ke ihu a ƙofar gida tana cewa, "Jama'a ku tafa da bokiti mana, harawata ce!"

Na uku. Da aka farga, sai ga yaronka da jan tulun kashe gobara wanda bai kai tulun sanyaya ruwa ba. Ya fesa sau ɗaya, tulun ya yi atishawa ya yi shiru. Da guga da ruwan rijiya aka ceci ɗakin. Harawa kam ta zama toka, ragunan kuma tun ranar suke kukan da ya hana ni zama.

Na huɗu, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami: an ce Asabar mai zuwa za ku dawo filin nan, ƙanen angon ma zai angwance. Tun da na ji, ko salansar babur ta yi ƙara sai na fito da gudu in duba sorona.

Saboda haka ina roƙo. Ku kai wasanku bayan gari, nesa da gidaje da rugage. Ku zo da motar 'yan kwana-kwana, da ruwa a cikinta. Ku sanar da mai unguwa tun da wuri. Kafin duk wannan, ku mayar wa Hajiya Lami harawarta, domin rago ba ya cin ban haƙuri.

Allah ya ƙara maka basira, ya bunƙasa kasuwarka, ya ba ma'aikatanka wuyan da ke ɗagawa sama.

A ƙarshe, adalci ya tilasta mini bayyana cewa cikin masu tafin nan har da ni, kuma tafina ya fi na kowa ƙarfi. Na gurfanar da kaina, na sami kaina da laifi, na ci kaina tarar damin harawa ɗaya, wanda zan ɗauka a ka har gidan Hajiya, da rana tsaka, ba hula.

Wassalam.

Naka mai kallon sama,
Malam Sabo na bayan filin ƙwallo, Azare.