Keken Lariba

Yendi, daren Alhamis

Na kasa barci. Alhajin da ya dawo daga Jamus ya buɗe kamfanin man kaɗe ya kawo kekuna makarantarmu yau, don 'yan mata masu zuwa daga nesa. Da aka kira "Lariba", ƙawaye suka tura ni gaba. Na san ba ni ake nufi ba. Ɗaya Laribar ce, mai tahowa a ƙasa daga ƙauye, ta makara.

Alhaji ya ce, "'Yata, gidanku da nisa ko?" Don kunya na gyaɗa kai, ya miƙa mini keken. Alhali gidanmu yana bayan makaranta.

Ko hawa ban iya ba. Da aka tashi, ɗaya Laribar ce ta riƙe mini sirdi tana dariya: "Takwara, taka mana, ba zan sake ki ba!"