Inshorar Farar Mota da Abin da Na Ɓoye

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Kunji Moidin, tsohon malamin makaranta a Tirur, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Likita ya faɗa mini abin da ya gani a huhuna, na kuma gode masa da bai yi mini kwana-kwana ba. Zuwa gare ku 'ya'yana, Shanavas a Sharja ta ƙasar Larabawa da Ramlat a Kannur.

Na ɗaya. Gida ku raba shi yadda shari'a ta ce. Roƙona kawai, kada a sare kwakwa biyun nan na bayan rijiya. Ummarku Nabisa ce ta dasa su.

Na biyu. Farar mota a sa ta cikin rabon Ramlat, ita ce ke ƙasar nan. Takardunta suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona.

Na uku. Inshorarta za ta ƙare ranar tara ga Agusta. Ramlat, kada ki bari ta mutu ko da kwana ɗaya. Ki tambayi kamfani uku kafin ki sa hannu, ki karanta abin da kowanne zai biya, ba kuɗin da yake nema kaɗai ba. Ƙaramin ƙwarzane ki gyara da aljihunki. Shekara biyar ban nemi diyya ba, shi ya sa suke yi mini babban ragi, kuma Gopalan ya ce ragin yana bin magaji idan an sauya suna da wuri.

Gopalan shi ne dillalin inshorar da ke zuwa mini duk shekara da lemarsa da jakarsa. Ku girmama shi. Bara na tsare shi tun hantsi ina ciniki, har ya ce, "Haba Malam! Kana ja da ni kan rupi ɗari biyu, alhali shayi da soyayyar ayabar da na ci maka sun fi haka." Na ce, "Ci naka, kai dai rage." Gaskiya tun kofin farko na yanke shawara. Jan cinikin nake don ya kai la'asar, in ji muryar mutum a barandar nan. Ban faɗi haka don ku ji nauyi ba. Kuna kira ranar Juma'a, kowa da lokacinsa daban, na gode. Sauran kwana shidan ne suke da tsawo.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Shekara shida ke nan ba kwa magana da juna, kuma ni ne sanadi.

Ramlat, a shekarar hatsarin ɗan'uwanki ya aiko da kuɗin cikakkiyar inshora kamar kullum. Ni na zaɓi mai arha. Gopalan ya gargaɗe ni, ya ce, "Malam, wannan ta mutanen kan hanya ce kawai. Wanda ke zaune cikin motarka ba ruwansu da shi." Na ce masa, "Shekara ashirin ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takewa ba." Na yi ta murna na tsira da rupi dubu uku.

Bayan wata huɗu Shanavas ya zo hutu, ya ɗauki Ummarku a farar motar zuwa biki ana tsaka da damina. Mota ta zame ta faɗa kwalbati, ƙugun Ummarku ya karye. Kamfani bai biya komai ba, kuma ba su yi laifi ba, abin da na saya ke nan. Sai da muka yi mako uku kafin a samu halin yi mata aiki. Ba ta ƙara tafiya babu sanda ba har ta koma ga Allah.

A barandar asibiti kika dubi ɗan'uwanki kika ce, "Ka iya sayen agogon zinare a Sharja, amma ka yi wa Umma inshora mai arha." Ya juyo ya kalle ni, yana jira in yi magana. Na sunkuyar da kai. Daga ranar bai taɓa tona ni ba, ni kuma na bar shi da kayan, don ina tsoron ki kalle ni yadda kika kalle shi. Ummarku ta sani. Ta sha ce mini, "Faɗa mata mana, ɗan talikin nan." Ina cewa gobe, har ta tafi.

Shanavas, ka yafe mini, ni Uppanka da na haife ka. Ramlat, fushinki nawa ne, ki kawo shi kabarina, ki sakar wa ɗan'uwanki mara.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuriyarku, Ya ba ku 'ya'yan da za su rufa muku asiri. Ku biyu kaɗai kuka rage wa juna. Wanda ya fara karanta wannan takarda a cikinku, shi zai fara kiran ɗan'uwansa. Kada ya jira Juma'a.