Maigidana direba ne, barci na sace shi a kan sitiyari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a wani ƙauye ta wajen Makoda. Maigidana yana ɗan noma, amma abin da ke riƙe da gidan shi ne bas ɗin wani Alhaji da yake ja zuwa Kano. Mutumin kirki ne wallahi, ba ya shaye-shaye. Tun bayan cirar gyaɗar bara na lura barci na ɗauke shi ba sallama, yana cin tuwo sai in ga loma a hannunsa kai ya langaɓe, can ya farka ya ɗora maganarsa daga inda ya tsaya. Na ce gajiya ce. Sai kuma dannau, ko da rana ya kishingiɗa, ya ce yana jin muryata yana ganin ƙofar ɗaki amma ko yatsa ya kasa ɗagawa.

Satin da ya wuce na bi shi Bacirawa barkar yayata da ta haihu, ina gidan gaba rungume da jaririna. Muna cikin gudu kawai ya taka birki, wata tsohuwa ta bugi kujera har leɓenta ya fashe. Ya ce wa fasinja shanu ne suka gitta. 'Yan uwa ko akuya babu a titin nan, gero ne hagu da dama. Ni da ke gefensa na ga idonsa, a buɗe yake amma ba ya tare da mu. Da muka dawo gida na matsa masa, ya amsa cewa mafarki ya yi, kuma ba ranar ya fara ba.

Na roƙe shi ya ajiye motar mu je asibiti, ya ce in likita ya hana shi tuƙi me za mu ci kafin kaka, rumbu ya yi ƙasa. Inna, mahaifiyarsa, ta ce iska ce, ta kawo rubutu da hayaƙi, har yau jiya-i-yau. Da na ce zan sanar da mai motar sai ransa ya ɓaci, ya ce ranar da na tona masa asiri a tasha in haɗa kayana. Tunda muka yi aure bai taɓa faɗa min irin wannan ba.

Yanzu in ya fita, waya na yin ƙara sai in ce shi ke nan, hatsari ya yi. Gobe kasuwa ke ci, motar za ta cika da matan unguwarmu da yaransu, waɗanda ke ce min su sai motar Malam saboda natsuwarsa.

In faɗa wa Alhajin aurena ya mutu, ko in yi shiru in jira abin da za a kira ni a gaya min? Akwai wanda ya san irin wannan ciwon, ana warkewa? Don girman Allah ku amsa min kafin ya ɗauki mukulli gobe.