Abin da Gawa Ta Ji a Rogo

Kada ka karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ka karanta ta a gaban ƙaninka Halliru. Nemi inuwa ka zauna, ka kai ƙarshenta kafin ka yanke mini hukunci, domin mai hukunci da rabin magana zalunci yake yi ko da gaskiya tana hannunsa. In kuwa wani ne ya buɗe ta ba mai ita ba, ya ji tsoron Allah ya ninke ta yadda ya same ta.

Zuwa ga maigidana Baban Munawwara, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farkon damina da ƙasa ke jira da ƙishi, sanyin randata, hasken ɗakina! Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga matar da ta shekara ashirin da biyu tana gane takunka tun daga bakin zaure. Yaya gajiya? Yaya mutanen Rogo? Yara suna gaishe ka. Muna lafiya, in dai lafiya ce mutum ya ɗora tukunya ya sauke bai san abin da ya dafa ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da aka tashi daga wasanka a Rogo, ka sa aka dawo da ni Karaye a mota, kai ka zauna can gidan Halliru. Na kira wayarka har na fara jin kunyar kaina. Jiya Gwadabe ya zo ya tsaya a zaure, ya ce ka aiko masa cewa ka rushe ƙungiyar wasan kwaikwayon, a raba kayan ga duk mai so. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sa jama'a dariya a dandalinka, jiya da ƙyar ya iya haɗa gaisuwa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, na ba Ɗantala direba ya kawo maka hannu da hannu. Na gaji, Malam. Na gaji irin gajiyar gonar da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu ba taki. Ba da kai na gaji ba. Da abin da na ɗauko na gaji, kuma yau zan sauke shi a gabanka.

Kana tuna Kafin Dafga? Watanmu huɗu da aure ka tafi da ni kallon wasanka a filin makaranta. Ana tsakiyar wasa hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, 'yan wasa da 'yan kallo kowa ya kama gabansa. Muka fake a barandar wani aji, ni da kai kaɗai. Na ce kash, ban ga ƙarshe ba. Sai ka matse hularka, ka yi mini sauran wasan kai ɗaya. Ka zama uba, ka zama ɗa, ka zama alƙali, ka ma zama akuyar da ake shari'a a kanta! Ni da na taso a gidan da ba a ɗaga murya da dariya, na yi dariya har na dafa bango. Wace mace ce aka taɓa yi wa wasa ita kaɗai, ruwan sama yana yi mata tafi a kan kwano? A ranar ne ka ce mini maza ba sa faɗa maka gaskiya, iyakarsu su kama hannunka su ce Allah ya ƙara basira. Mata kuwa ba sa jira a tashi, ana wasa suna sharhi, amma ba ka da hanyar zama a ɓangarensu. Ka ce in zama kunnenka. Na karɓa da murna, ban san nauyin amanar ba.

Shekarar da ta biyo baya aka yi wasa a Kurugu bai karɓu ba. Ka dawo ka zauna a tabarma, fuskarka kamar ganyen gyaɗar da rana ta buga, ka tambaye ni abin da mata suka ce. Cewa suka yi wasan ya yi sanyi. Na dube ka na kasa. Na laluba cikin zuciyata abin da ni kaina na so, sai nasihar da ka yi a ƙarshe, na ce maka ita suka yi ta yabawa. Fuskarka ta buɗe kamar furen kabewa da hantsi. Wayyo, da na san abin da na shuka! An ce ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya, to tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Ba zan fake da tausayi kaɗai ba, don Allah yana gani. Ni mace ce mai ganin wasan da babu darasi a cikinsa ɓata lokaci ne, haka na tarbiyyantar da 'ya'yanka, kuma har gobe ban ga laifin nasiha ba. Laifina shi ne na ɗauki son raina na sa shi a bakin mata. Duk wasa ka tambaya, in ce nasiha suka so. Kai kuma ka yarda da ni kamar yadda manomi ke yarda da ƙasarsa. Ka riƙa tsawaita jawabi, kana rage barkwancin Gwadabe, har ya koma mai kawo saƙo ya fita. Benci ya fara ragowa a filin kallo, ka ce wayar hannu ce ta ɗauke hankalin mutane, ni kuma na gyaɗa kai.

Sai ga ranar Rogo. Ka fito a tsohon da 'ya'yansa biyu ke rigima a kan iyakar gona. Ka kwanta ciwon ajali, ka yi wasiyya, na duba agogo, minti ashirin da biyar. Da ka cika aka lulluɓe ka da farin ƙyalle, kuma saboda filin ya yi ƙunci sai aka jawo tabarmarka gefe, daf da bencin mata. A nan ka kwanta har ƙarshen wasa, ba halin tashi, ba halin toshe kunne. Wata ta ce, "Alhamdu lillahi, ya dai tafi, yanzu ma ga wasa." Ta kusa da ita ta ce, "Mai dogon numfashi haka ai mu za mu riga shi mutuwa." Aka kwashe da dariya a cikin mayafi. Sai Inna Talatu mai ƙosai, wadda ta biyo mu tun daga Karaye kamar yadda ta saba, ta ce, "Shekara nawa muna faɗa a gaban matarsa, ko dai ba ta kai masa ne?" Ina zaune a bayanta. Na ga yatsan ƙafarka ya motsa a ƙarƙashin ƙyallen, na san ka ji, na kuma san ba dariyarsu ce ta soke ka ba.

Ban ce sun kyauta ba. Rashin ta ido ne mutum ya bar aikinsa, ya sha rana don ya faranta maka, kai kuma ka zauna a inuwa kana yanka shi da baki. Ɗan kallo bai san wahalar haddar magana ba, bai san sau nawa aka gwada kafin a fito ba, abin da ya sani kawai ya ji daɗi ko bai ji ba. Amma su ba su ci amanar kowa ba. Ni na ci.

To ga sauran abin da suke faɗa, wanda ban taɓa kawo maka ba, ba ragi ba ƙari. Sun ce lasifikar nan taku ta fi ɗan akuya kuka, gara ku yi da muryarku. Sun ce ka daina liƙa gemun auduga, naka ya yi farin da ya isa. 'Yan mata sun ce a dawo musu da Gwadabe a matsayin dillalin nan da yake fitowa a da, wanda ke rantsuwa da kan jaki. Rumasa'u mai ɗinki ta ce a wasan Rogo, wurin da tsohon ya ɗauki fartanyarsa ya juya ta, ya rasa wanda zai miƙa wa cikin 'ya'yan, ya ajiye ta ƙasa bai ce uffan ba, nan ne hawaye ya zubo mata, kuma da a nan aka tsaya da ta koma gida da wasan a ƙirjinta. Inna Talatu, mai bakin nan, ta sha faɗa cewa duk ƙasar nan babu mai iya tafiyar tsohon manomi kamarka, shi ya sa take rufe kaskonta ta bi ka duk inda za ka. Ta ce idan ka yi shiru ka fi iya magana. Wannan ma na ɓoye maka, don bai dace da abin da nake so ba.

Akwai kuma wata dattijuwa daga Daura ta nan wajenmu, da ta same ni a gidan suna ranar Litinin. Ta ce 'ya'yanta biyu sun shekara biyu ba sa gaisawa saboda kunyar gona guda, kuma dukansu sun ga wasan lokacin da kuka fara yin sa a Karaye. Da safe ƙaramin ya je gaida babban. Na yi sauri na ce wasiyyar tsohon ce ta ratsa su ke nan. Ta ce a'a 'yar nan, lokacin wasiyya ai babban ya fita sayen rake. Ganin yadda jama'a ke yi wa 'yan rigimar dariya ne ya sa suka ji kunya. Na dawo gida ina juya maganarta. Darasin da nake ta nema maka yana nan cikin wasanka tun tuni, ni ce ban san kamanninsa ba.

Yanzu ka faɗa mini, ya ruwan sanyina, a ina aka taɓa jin maigida ya yi yaji? Malamin makaranta mai furfura, uban 'ya'ya biyar! Wa zan aika biko, kuma gidan wa? To wannan takarda ita ce bikona. Idan da kai nake koya wa yaran nan cewa mai fushi ba ya barin gidansa, me zan ce musu yau? Gyaɗar da aka tono tana shanye a tsakar gida, ni ke kwashewa ni ke bazawa. Kujerarka tana nan a gindin darbejiya, kaji ne ke hawa. Da yamma in na ji babur ya rage gudu a ƙofar gida sai zuciyata ta miƙe tsaye, ya wuce, ta koma ta zauna. Har yaushe kurciya za ta yi ta kira a reshe ba a amsa mata? Har yaushe ƙorama za ta yi gudu ba ta tarar da kogi ba? Gidan nan ba kai kamar rumbu ne bayan bazara, ga shi tsaye, in an ƙwanƙwasa sai amo.

Ban roƙe ka ka yafe mini a Rogo ba. Ka zo ka yi fushinka a ɗakinka, ka ƙi yi mini magana wata guda in ka ga dama, zan ajiye maka tuwo in koma gefe. Amma kada ka rushe abin da ka gina shekara ashirin da ɗoriya saboda kunnen da ka aika ya yi maka ha'inci. Mutanen nan ba su gaji da kai ba, da maganata da ke fita ta bakinka suka gaji. Na hana Gwadabe raba kayan, na sa an kawo akwatunan an ajiye a ɗakina. In ka dawo ka ce a raba, da hannuna zan raba. Amma sai ka faɗa da bakinka, a gidanka, kana kallona.

Ni dai taka ce, Malam, ko ka hau dandali ko ka sauka har abada. Taka ce ranar da fili ya cika, taka ce ranar da benci ya fi mutane yawa. Yadda gawo ba ya barin gonar da ya tsiro, haka ba ni da wani wuri sai inda kake, har ranar da za a lulluɓe ɗayanmu da ƙyallen da ba a tashi daga ƙarƙashinsa, kuma ina roƙon Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Matarka mai jiranka,
Ruƙayyatu.

Ka sani kuma, jiya bayan la'asar na tara yaran nan duka, daga babba har auta, na faɗa musu abin da na yi maka ba tare da na gyara ko kalma ɗaya ba. Sannan na kafa doka. Daga yau a gidan nan, duk wanda aka aika ya ji magana zai kawo ta yadda ya ji ta, da daɗinta da ɗacinta, in ba zai iya ba ya ce ba zai iya ba. Wanda aka kawo wa kuma zai haɗiye ta a gida, ya ci tuwonsa a gida, ya kwana a gida. Rabin farko ya hau kaina tun jiya. Rabi na biyu naka ne, kuma ba a ɗauke wa kowa ba, har maigida.